Nonon Abu da laujen da ke cikin jinina

Ƙanƙara, ranar Laraba bayan azahar.

Zuwa ga ɗana Isyaku,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa ka sauka Ibadan lami lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da baƙon ruwa da baƙon abinci, ya haɗa ka da malamai masu haƙuri da abokan zama na kirki. Ba zan cika ka da labarin gari ba. Gero ya yi kyau, kwalta ta kusa isowa bakin kasuwa, kowa ya rataya rediyo a kafaɗa, shi ke nan. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ni da hannuna ya saba da aska, kai ma ka san shi. Ranar da muka raka ka tasha ka durƙusa ka gaishe ni yadda ya kamata, amma ba ka ɗaga ido ka dube ni ba, kuma na san dalili. Wata biyar ke nan da na yi maka alkawari a Funtuwa cewa zan gaya wa mahaifiyarka, Abu, ba nononta ne ya kashe 'ya'yanmu uku ba. Har motarka ta tashi ban buɗe baki ba.

Bokon nan da furfurata na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, saboda haka ka yi haƙuri da karkacewar layin. Sauran iyaye in ɗansu zai yi nisa sukan ba shi labarin abin kirkin da suka yi a duniya. Ni kurakuraina zan ba ka, don su na fi sani, kuma kai ne ka nuna mini su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ka taɓa ɗaga mini murya ba.

Shekara arba'in ina wanzanci. Daga Ƙanƙara zuwa Faskari zuwa Daudawa, da wuya a sami zuriyar da ban kafa wa ƙaho ba. Ka san yadda nake yi, don ka sha gani. In tsaga baya da aska, in kafa ƙaho, in zuƙe iskar, in toshe bakin, in koma in yi wa wani aski. In na dawo na cire, sai in karkaɗe gudan jinin a ƙasa, baƙi ƙirin, in sa tsinke in juya shi a gaban mutum, in ce, "Ka gani? Mataccen jini. Da wanga ya kwana jikinka, da sai labari." Mutum ya tashi yana shi mini albarka, ni kuwa ina hura hanci. Ba yaudara nake yi ba, Allah shaida ne. Haka na gani wurin ubana, haka na yarda.

Sai wani hutu da ka zo, lokacin ka fara aiki a ɗakin gwaji na asibiti, ka ɗauki askata ka yanki yatsanka, ka ɗiga jini a ƙaramin faranti, ka ajiye a gabana. Kafin mu gama shan fura ya daskare ya yi duhu, daidai da wanda nake juyawa da tsinke. Ka ce, "Baba, ni ma mataccen jini gare ni?" Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce ka tashi mini daga gani. Amma da yamma na kasa haƙuri na kira ka, ka zauna ka yi mini bayani. Ka ce a cikin jini akwai wani abu narkakke, irin abin da kuke kira furotin, wato kayan da aka gina jiki da su, kuma su ne ke yi masa aiki. Wannan ɗin yana yawo shiru bai taɓa kowa ba, sai an yanki mutum, nan take ya rikiɗe ya zama zare siririn da ya fi yanar gizo, ya saƙa raga a bakin ciwon, ya toshe. Na tuna yaran da na yi wa kaciya, ɗaruruwansu. Ashe duk lokacin da jini ya tsaya ina yabon garin maganina, akwai wani maɗinki a cikin jikin yaron da ya riga ni aiki, ni kuma ina kiran aikinsa cuta. Tsarki ya tabbata ga wanda ya ajiye allura da zare a cikin ruwa.

To ka ji, Isyaku. A can za su ba ka abubuwa ka duba ka sa musu suna. Kafin ka ce wannan cuta ce, ka nemo na mai lafiya ka ajiye a gefensa, kamar yadda ka yi mini da farantin nan. Ni shekara arba'in ban taɓa tunanin in kafa wa mai lafiya ƙaho in ga abin da zai fito ba, kuma abin bai fi aikin rabin sa'a ba.

Kuskure na biyu shi ne babba, kuma ban taɓa ba ka labarinsa daga bakina ba, a bakin mutane ka tsinta. Kafin kai mun haifi uku: ɗan fari, wanda ba na faɗin sunansa, sai Mairo, sai Sa'adu. Kowannensu an haife shi ɓul-ɓul, gwanin sha'awa. Sai ya kai kamar wata shida, hannu da ƙafa su kumbura, ya yi ta tsala ihu ko taɓa shi aka yi, ido ya koma ruwan ɗorawa. Muka ce amosani ne. Ni da nake wanzami, me zan yi wa ɗana in ba abin da na iya ba? Na kafa musu ƙananan ƙaho a inda ya kumbura, na zuƙe, na juya gudan da tsinke na nuna wa Abu. Tafin hannunsu ya riƙa yin fari fat, ni kuwa ina ƙarawa. Babu wanda ya cika shekara huɗu. Sa'adu ne ya fi daɗewa, har ya fara bin mahaifiyarku ɗakin girki yana jan zanenta.

Da aka haife ka, Kande ungozoma ta ce a gwada nonon kafin a ba ka. Ta tatsi ɗakashi, nonon farko mai kaurin nan, a cikin ludayi, ta jefa tururuwa. Al'adarmu ita ce in ta fita da ƙafarta nono mai kyau ne, in ta mutu mugu ne. Tururuwar ta yi 'yan motsi ta tsaya. Kande ta ce, "Ga abin da ya cinye ɗiyan nan." Ni kuma na ji wani sanyi a raina, ina faɗa maka gaskiya, don an sami mai laifi kuma ba ni ba ne. Aka riƙe ka da nonon akuya har ranar suna. Da hannuna na aske ka, washegari na naɗe ka na hau mota zuwa Sabuwa wurin ƙanwata Hajara, wadda ke goyo a lokacin. Abu ta biyo ni har bakin zaure, abin da mai jego ba ta yi, ƙirjinta ɗaure tam da zane saboda nono ya cika yana yi mata zogi. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta dai ce in rufe maka kai, akwai iska.

Ka rayu. Ka wuce wata shida ba kumburi, ka wuce shekara huɗu kana guje-guje. Duk gari aka ce ga shaida, uku sun sha sun mutu, ɗaya bai sha ba ya tashi. Ni ne kan gaba wajen faɗa, a kasuwa, a wurin suna, ina ba da labarin a matsayin dabarata. Allah bai sake ba mu haihuwa ba. Tun daga nan mata suka daina miƙa wa Abu jariri in ta je barka, ita ma ta gane ta daina zuwa. Kai kuma ka tashi a Sabuwa kana kiran gwaggonka Hajara Inna, in ka zo nan hutu ka kira mahaifiyarka Yaya Abu, kamar yadda ƙannenta ke kiran ta, ta amsa.

Ka kiyayi amsar da ta zo ta sanyaya maka rai da wuri, musamman in ta sauke laifi daga kanka ta ɗora wa wanda ba zai iya musu ba. Kuma don abu ya faru sau ɗaya yadda ka zata, kada ka ɗaure kai a kansa. Rayuwarka ita ce hujjata shekara ashirin da uku, alhali ba ta tabbatar da komai ba.

Yanzu bari in koma ranar Funtuwa, don har yau in na rufe ido ina ganin ta. Na kawo maka gero ne kawai, ka ja ni ɗakin gwajinku ka zaunar da ni gaban madubin nan mai ƙara girman abu. Da farko ka kankaro cikin kumatuna da ɗan tsinke, ka shafa a gilashi, ka ɗiga shuɗin ruwa, ka ce in leƙa da ido ɗaya. Na ga wasu 'yan faifai, kowanne da kewayensa da ɗigo mai duhu a tsakiya. Ka ce waɗannan su ne ƙwayoyin halitta, da su aka gina ni tun daga gashi har farce. Kowace da fatarta mai ƙofofi, tana zaɓen abin da zai shiga da abin da zai fita, ɗigon tsakiyar kuma ɗaki ne da aka adana rubutun yadda za a ƙera komai na jikina. Na ce, "A cikin yawuna?" Ka yi dariya ka ce, "Har da shi, Baba."

Sannan ka soki yatsana. Isyaku, na zubar da jinin da zai cika randa da yawa, amma ran nan na fara ganin jini. Ashe ba jan ruwa ba ne. Wasu 'yan ƙwayoyi ne birjik, zagayayyu, masu ɗan loɓawa a tsakiya kamar waina, ba su ƙidayuwa. Ka ce aikinsu dakon iska daga huhu zuwa ko'ina a jiki, kuma saboda su ɗauki kaya da yawa har ɗakin rubutun nan suke yarwa, su cika cikinsu da furotin iri guda, wanda shi ne ke riƙe iskar, shi ne kuma ya ba jini launinsa. Na daɗe ina kallo har wuyana ya ƙage.

Sai ka ɗauki wani ɗigon, ka gauraya da maganin da ke janye iska, ka rufe da gilashi, muka fita muka yi azahar. Da muka dawo na leƙa, wainar nan da yawa sun lanƙwashe sun yi tsini, sak lauje. Na ce me ya same su. Ka karɓi carbina ka shimfiɗa a tafin hannunka. Ka ce kowane furotin haka yake, 'ya'ya ne a jere a zare, iri ashirin ake zaɓa daga ciki, kuma jerin nan shi ke sa zaren ya naɗe kansa ya ɗauki siffar da zai yi aiki da ita. A furotin ɗin jini akwai wani zare mai 'ya'ya ɗari da arba'in da 'yan kai. Ka kama ƙwaya ɗaya da yatsa biyu ka ce, "Wagga kaɗai aka musanya, Baba. Guda ɗaya." In iska ta yi ƙaranci, wannan guda ɗayan ke sa zaruruwan furotin ɗin su manne da juna su miƙe kamar kara, su tanƙware ƙwayar jinin, ita kuma ta maƙale a ƙananan hanyoyin jini. Kumburin ke nan, ihun ke nan.

Na ce to ni ai lafiyata ƙalau. Ka ce saboda rabi nake ɗauke da shi. Rubutun nan biyu-biyu yake, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa, mai ɗauke da guda ɗaya ba ya ciwo. Ka ce ka duba na Abu lokacin da ta zo da zazzaɓi, ita ma rabi ne. Duk haihuwar da muka yi, ana iya samun wanda zai haɗa nawa da nata, kamar ɗaya cikin huɗu, amma yana iya zuwa sau uku a jere, kamar yadda ya zo mana. Kai rabi ka ɗauka, shi ya sa ka tashi, ko nonon wa ka sha. Ɗakashi kuwa, ka ce kaurinsa na furotin ne masu tsare jariri daga cuta, babu abin da uwa za ta ba ɗa da ya kai shi, tururuwa kuma ko a zuma aka jefa ta mutuwa za ta yi.

Na tambaye ka abin da nake tsoro. Na ce, "Ƙahon da na yi masu fa?" Ka daɗe kana goge gilashin da ba shi da datti. Sannan ka ce ƙwayoyin masu wannan ciwo ba sa daɗewa suke mutuwa, saboda haka dama jininsu bai ishe su ba. Ka ce, "Ba ka sani ba, Baba." Ba ka yi mini ƙarya ba, ba ka kuma taka ni ba, kai da aka raba da nonon mahaifiyarka saboda wautata. Na yi kaciyar 'ya'yan hakimai, na zauna da malamai, ban taɓa ganin wanda ya riƙe gaskiya mai kaifi haka bai yanki kowa da ita ba. A ranar na ji girmanka ya cika mini ido, kuma ban gaya maka ba, shi ya sa nake rubutawa. Ka riƙe wannan halin. Duk wanda za ka gaya wa sakamakon gwaji, akwai wani abu da ya riga ya aikata cikin rashin sani, ka tuna da fuskata.

Na san sa'o'inka sun bazama Kaduna da Ikko, kuɗin mai ya buɗe, wasu har sun dawo da mota suna yi mana ƙura. A majalisa ana tsokanata wai ɗan wanzami ya gama boko ya ƙare a leƙen yawu da fitsari. Ka bar su. Abin da ka nuna mini a ɗigo ɗaya ya fi duk abin da na gani a kasuwannin da na taka. Ka zauna ka koyi carbin nan har ƙarshensa, ko Allah zai sa a hannun irinku a sami abin da za a yi wa yara irin Sa'adu. In kuma ka ga yarinyar da ta kwanta maka, ka duba jininta kafin mu kai goro, tunda ka san abin da kake ɗauke da shi. Na san kana da magana a kan cire belin jarirai ma, na ga yadda kake kallon zabirata. Ka bari in haɗiye wannan tukuna, in ka zo ma zauna.

Kuskure na uku ba na jahilci ba ne, shi ya sa ya fi muni. Wata biyar na san gaskiya na zauna a kanta. Kullum in ce gobe. Tsoro nake ji, don abincin wanzami yarda ce, in na ce na yi kuskure wa zai sake miƙo mini wuyansa? Kuma kunya nake ji in durƙusa wa matar da ta yi shekara ashirin da uku tana kawo mini tuwo ba ta taɓa ce mini uffan a kan maganar ba. In ka gane ka yi kuskure a aikinka, ka faɗa a ranar, kafin ka ci abinci. Kwana ɗaya in ya wuce, na biyu ya fi sauƙin wucewa, ni na gwada.

Shekaranjiya da hantsi aka kira ni gidan maƙwabcinmu Malam Sule, matar ɗansa ta haihu, kwana uku. Ina tsakar gida ina buɗe zabira sai na ga Kande, ta tsufa tukuf amma hannunta bai manta ba, riƙe da ludayi, wata na nemo mata tururuwa a gindin bango. Na ji ta ce wa matan, "A gwada dai, kar a yi irin ta Abu matar wanzami." A gabana, Isyaku, ko sassauta murya ba ta yi ba, don ta san ni na fara faɗa. Ashe sunan mahaifiyarka ya zama abin da ake tsorata masu jego da shi.

Na miƙe. Na ce, "Kande, zubar da abin ga. Nonon Abu bai kashe kowa ba. Ciwon cikin jini yake, rabi nata rabi nawa, na gani da idona. Ni kuma na ƙara masu da ƙaho. A ba yaron ga nonon uwa tai yanzu." Kande ta ce boko ya taɓa mini kai, ta yi ficewarta. Amma yarinyar, mai jegon, ta jawo ɗanta ta sa a ƙirji ba ta jira kowa ba.

Na tattara zabira na yi gida da sauri kada labari ya riga ni. Na sami Abu tana tsince wake a faifai. Na tsuguna a gabanta na faɗa mata duka, da laujen, da carbin, da wata biyar ɗin. Hannunta ya tsaya a cikin waken. Ta ce, "Malam, mi ka ce?" Na maimaita. Sai ta ce, tana nufin kai, "Ashe da na ba yaron nan nono, da bai mutu ba?" Na ce, "Da bai mutu ba, Abu." Ta ce, "Ko sau ɗaya bai kama ba. Kwana bakwai yana kuka gefena, ina ji, ina matse ƙirjina." A nan ta yi kukan da ba ta yi a bakin zaure ba, ni ma na yi.

Na roƙe ta gafara. Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma matsa mata ba, ba ni da bakin matsawa. Mutum biyu da suka ce in zo in yi musu ƙaho sun aiko sun fasa, ban damu ba. Jiya da safe ta ɗaura zanenta na sallah ta shiga gidan Malam Sule barka, ta daɗe ba ta fito ba. Da ta dawo akwai tumbuɗin jariri a kafaɗarta, kuma ba ta goge ba har azahar. Daga nan ta hau daka. Ƙullin garin kunu da dakuwar da direba zai ba ka tare da takardar nan, ita ta yi da hannunta, ta hana kowa taɓa taɓaryar.

Allah ya tsare mini kai a inda kake, ya buɗe maka ƙwaƙwalwa, ya kare idonka da hannunka, ya kiyaye ka daga girman kai irin na ubanka. Allah ya jiƙan 'yan'uwanka uku, ya saka wa Hajara da alheri, ya dawo mana da kai lafiya. Mutanen gida duk suna gaishe ka.

Saƙo ɗaya ta ba ni, ta tsaya a kaina sai da ta ga na rubuta, ko da yake ba ta iya karantawa. Ta ce, "Ka hwaɗa mashi, in an yi hutu ya hwara sauka nan kahin ya tahi Sabuwa. In ya ga dama." Ni ba zan ce in ka ga dama ba. Ka sauka nan, ka wuce zaurena ko ina ciki, ka shiga ɗakinta ka zauna, ka ci duk abin da ta ajiye maka har ka ƙoshi. In za ka gaishe ta, ka kira ta Inna. Rabon da ta ji wani ya kira ta haka tun ranar da Sa'adu ya rasu.

Wassalam, ni ne mahaifinka,
Garba Wanzami.